Wasiƙar da Farfesa Bai Karanta Ba

Tambaya bakwai Auta ta amsa ba ta yi tuntuɓe ba. A ta takwas ne aka yi mata shigar sauri.

Tana zaune a ƙaramin ofishin da ke jikin ɗakin gwaji, kwamfuta a gabanta, fuskoki uku na kallonta daga wata jami'a mai nisan yini guda a mota. Ta tsakiyar, wata dattijuwa mai tabarau, ita ce shugabar kwamitin da zai ɗauki mutum ɗaya tak.

"Dakta, aikinki ya burge mu," in ji dattijuwar. "Sai dai akwai abu biyu a wasiƙar shaida da Farfesanki ya aiko. Ba mu saba faɗa ba, amma gara ki ji. Ya ce tsarin binciken ba daga kanki ya fito ba, wani abokin aikinki ne ya shimfiɗa, ke kika bi. Ya kuma ce aure ne a gabanki, da wuya ki cika shekara biyun."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, dattijuwar ta riga ta.

"Gobe da azahar za mu yanke hukunci. In da gyara, daga bakin wanda ya sa hannu za mu ji, ba daga naki ba."

Fuskokin suka ɓace. Ta daɗe tana kallon baƙin gilashin.

Su masu dogon karatu haka tsarinsu yake. Ka yi digiri na ɗaya, ka yi na biyu, ka yi na uku har a ce maka Dakta, amma ba a sakar maka ragama ba tukuna. Sai ka je wata jami'a ka yi shekara biyu kana bincike a ƙarƙashin wani babba, a ga ko za ka iya tsayawa da ƙafarka. Gurbin da Auta ta nema irin wannan ne: ɗakin gwaji da kayan aiki, a kan sauron da ya daina jin magani. Mutum fiye da ɗari suka nema, aka tace saura uku. Kuma ba a ɗaukar wanda ya haura shekara biyu da gama digirinsa. Nata wa'adin bana zai cika. In ta rasa, ta rasa kenan.

Amma ba wannan ne ya fi tayar mata da hankali ba.

Kowa a sashen ya san Farfesa ba ya rubuta wasiƙa. Shekara ashirin ke nan. Babban ɗalibinsa ke rubutawa, sakatariya ta buga, shi kuwa ya sa hannu yana tsaye, waya a kunne. Yanzu kuwa mai rubuta wa Farfesa wasiƙu shi ne Dogo.

Dogo, malamin wucin gadi a sashen, wanda ta yi shekara shida tana so. Dogo, wanda yayanta ya kora daga ƙofar gida sau uku, yana cewa ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da aikinsa ba shi da gindi ba, alhali ga abokinsa Injiniya yana jira da gida ginanne. Dogo, wanda kwatsam makonni uku da suka wuce Yaya ya ce ya turo manyansa ranar Asabar mai zuwa.

Ranar da yake rubuta wasiƙar, ita ta kai masa shayi. Ya rufe fuskar kwamfutar da tafin hannu yana dariya.

"Sirri ne, Dakta. Kar kanki ya kumbura."

Ta tashi ta nufi ofishin sakatariya.

"Anti, kwafin wasiƙata nake so."

Sakatariya ta ɗago ta dube ta, ta dubi ƙofar Farfesa da ke rufe. Ba ta ce doka ta hana ba. Ta ja durowa ta miƙo takardar, idonta na kan tebur.

"Ni dai bugawa aka ce in yi, 'yar nan. Na ɗauka da saninki."

*

A ɗakin kiwon sauro ta sami Dogo. Ɗaki ne mai ɗumi da laima, kejin raga jere a kan kanta, kukan sauro kamar ana jan zare a kunne. Yana canza musu audugar ruwan sukari.

"Yaya aka yi? Kin cinye su, ko?" Ya juyo da murmushi. Da ya ga takardar, murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Karanta min."

"Auta..."

"Turancinka ne, ai ba zai ba ka wuya ba. Sakin layi na huɗu."

Ya ajiye audugar. "Zauna mu yi magana."

"Shekara shida ina zaune, Dogo. Yau a tsaye zan ji."

Ya jingina da kanta, ya shafa kai. Namiji in ya fara shafa kai kafin ya buɗe baki, to ya riga ya gama shirya yadda laifin zai zama na wani.

"Yayanki ne ya kira ni garejinsa. Ya ce magana ɗaya ce. In kin tafi, babu aure, Injiniya zai ba. In kin zauna, in turo manyana. Ya ce in san yadda zan yi. Me kike so in yi? In tsaya ina kallo a ɗauke ki?"

"Ka faɗa min."

"Da na faɗa miki, da kin zaɓi tafiya."

"To ka sani kenan." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ka san abin da nake so, shi ya sa ka bi ta bayan gida."

"Layi biyu ne kawai! Duba sauran, wallahi ban taɓa yabon wani haka ba. Na ce kina da haƙuri, kina da tsabtar aiki, kina da biyayya..."

"Biyayya. Mai aikin gida suke nema?"

"Na ɗauka za su ajiye takardarki shiru, ki yi kukan mako ɗaya, a yi biki, in an tabbatar da ni a aiki in nema miki koyarwa a nan. Don ina sonki na yi. Allah shi ne shaidata."

Ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu ta miƙa masa. Fatar cike da ƙananan tabo, tsofaffi a kan tsofaffi.

"Ka tuna lokacin da na'urar ba su jini ta lalace? Wata biyar. Wa ya dinga sa hannunsa a kejin nan kullum safiya don kar su mutu? Kai kana bakin ƙofa kana cewa jikinka ba ya son cizo. Wa ya bi kwatoci da ludayi yana kwasar tsutsa, mutane na cewa ta zautu? Wa ya zana tsarin a bayan takardar jarrabawa, ka ce ba zai yiwu ba?"

"Ke ce."

"To maganar aure, na ji, ta Yaya ce. Amma Yaya bai san mene ne tsarin bincike ba. Ko a hanya suka haɗu ba zai gane shi ba. Wannan layin, wa ya sa ka?"

Ya juya yana gyara audugar da ya riga ya ajiye.

"Wa ya sa ka, Dogo?"

"Maganar aure kaɗai ba za ta isa ba," ya ce da ƙyar. "Aikinki ya yi ƙarfi da yawa. Da sun ɗauke ki duk da haka."

"Abokin aikin da ya shimfiɗa tsarin fa? Sunan wa ka sa?"

Ya kawar da kai.

"Na gani ai. Naka ne."

"Sau biyu na nemi irin wannan gurbin, Auta!" Muryarsa ta fashe. "Sau biyu! Ko amsa ba a ba ni ba. Na riga ki shigowa sashen nan da shekara uku. Ke nema ɗaya kika yi, ga shi har an kira ki. Kin san yadda mutum yake ji, a ce matarsa..."

Ya yi shiru, amma maganar ta riga ta fita.

Ta sauke hannun rigarta a hankali, ta ninke takardar gida huɗu.

"Da ka ce min tsoron Yaya ne kawai, wallahi da na yi kuka na yafe. Na san kaina a kanka."

*

Da la'asar ta isa gida. Yaya yana tsakar gida yana wanke baƙin mai daga hannunsa, Mama na kan kujera tana gyaran wuyan wata tsohuwar riga.

"A'a, likitar sauro ta dawo! Yaya majinyatan naki, sun samu sauƙi?"

"Yaya, me ka ce wa Dogo a gareji?"

Ya ci gaba da murza sabulu. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gidan, kuma bai saba a tambaye shi dalili ba.

"Au, har ya faɗa? Ashe bakinsa ma ba shi da gindi."

"Ka san abin da ya yi?"

"Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ni in an kawo min mota, ba na gaya wa mai ita wace sifana na ɗauka. Na ce masa ƙanwata ba za ta je wani gari ta zauna ita kaɗai a ɗakin haya ba. Shi ke nan."

"Ƙarya ya yi min a takarda, Yaya. Ya ce aikina ba nawa ba ne. Ya ɗauki shekara huɗu na rayuwata ya rubuta sunansa a kai."

Hannun Yaya ya tsaya cikin ruwan. Na ɗan lokaci kaɗan. Sai ya watsa ruwan a ƙasa.

"To sai me? Ba gida ɗaya za ku zauna ba? Nasa naki ne. Auta, shekararki talatin da ɗaya. Na ɗauke ki a bayan babur kina aji ɗaya, na ce ki yi karatu. Kika gama, kika ce saura. Kika gama wancan, kika ce saura. Aka ce Dakta, na tara mutane na yi murna, na ce alhamdu lillahi an zo ƙarshe. Yanzu kuma wai akwai wani bayan Dakta? Wannan karatu ne ko rijiya?"

"Ba karatu ba ne, aiki ne."

"Aikin shekara biyu! Ni yaran gareji ma ba na ɗaukarsu haka."

"Kai ka ce ba ka son Dogo don ba shi da tsayayyen hali. Ka gwada shi, ka ga ana iya lanƙwasa shi, sai kuma ka ce ya turo manya? Wanda ya sayar da ni don ya same ni, shi ka ga ya dace?"

"In ba kya sonsa, ga Injiniya nan. Jiya ma ya tambaye ki."

"Allah ya ba shi wadda ta fi ni."

Ta juya wajen mahaifiyarta, ta durƙusa, ta dafa gwiwarta.

"Mama, kin ji abin da suka yi min?"

Mama ba ta ɗago ba. Allurar na shiga tana fita a wuri ɗaya.

"Mama?"

"Na ji yayanki yana waya da shi, tun kwanaki."

"Kika yi shiru?"

"Kullum da safe ke kike auna min hawan jini," in ji Mama, muryarta can ƙasa. "Ke kike sanin wace ƙwaya ce ta safe, wace ce ta yamma. Na ce a raina, in abin bai yiwu ba, ai ba ni na hana ba."

Wannan ta fi ta Dogo zafi. Auta ta ɗauke hannunta daga gwiwar, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ke kika ɗinka min jakar da zan tafi da ita, Mama. Kina ɗinki kina sa min albarka."

"Albarkar gaskiya ce, Auta. Shirun ma gaskiya ne. Ki yafe min, tsufa ne."

Mama ta rufe fuska da rigar tana kuka. Yaya ya yi tsaki, ya ɗauki makullinsa ya fice, amma a bakin ƙofa sai da ya tsaya ya goge ido da bayan hannu.

*

Washegari ƙarfe goma na safe Farfesa ya shigo ofis, waya a kunne kamar kullum. Ya tarar da Auta zaune a kujerar baƙi.

"'Yata, yaya ganawar? Na san kin fitar da mu kunya."

Ta ajiye takardar a gabansa. "Ranka ya daɗe, sa hannunka ne wannan?"

"Nawa ne mana."

"Ka karanta?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai Dogo ba ya kuskure."

"To ina roƙon alfarma ɗaya. Ka karanta min ita da bakinka, yanzu."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya kashe wayar. Ya fara karantawa da sauri, irin karatun mai son ya sallami baƙo. A sakin layi na huɗu ya rage gudu. Ya koma farkon layin. Ya sake komawa. Sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Inna lillahi. Ni da na tsaya a kanki kina kare tsarin nan a gaban manya biyar..."

"Da azahar za su yanke hukunci. Sun ce daga bakinka kawai za su karɓi gyara."

Farfesa ya tashi ya je taga, ya dawo, ya sake zama. Babban mutum in aka kama shi da sakaci, kafin ya nemi gyara sai ya fara neman ƙofar fita.

"Bari mu bi a hankali. Akwai wasu guraben. Ina da mutane..."

"Wa'adina bana zai cika, ranka ya daɗe. Kai ka gaya min."

Ya yi ajiyar zuciya. "To ki saurara da kyau, don in na ɗaga wayar nan babu komawa. Zan ce musu na sa hannu a abin da ban karanta ba. Wannan kunyata ce, na kusa ritaya, zan haɗiye. Amma za su tambayi wanda ya rubuta, kuma sunansa na cikin wasiƙar, ya ba kansa aikin wani. Wata mai zuwa ne za a zauna a kan tabbatar da shi. In wannan ta fita, ba a nan kaɗai ba, babu jami'ar da za ta ƙara buɗe masa ƙofa. Duniyarmu ƙarama ce, kowa ya san kowa. Na kuma ji an ce ranar Asabar manyansa za su je gidanku."

"Haka ne."

"To ki yi tunani, 'yata."

"Auta."

Dogo ne, a bakin ƙofa yake tsaye. Rigar jiya ce a jikinsa, idanunsa sun yi ja. Sakatariya na bayansa, ta kasa hana shi.

"Farfesa, ka yafe min. Auta, don girman Allah. Ki soke auren, na yarda. Ki tsane ni, na cancanta. Amma kar ki bari a kira su. Shekara goma sha ɗaya na yi a ginin nan. Ban iya komai ba sai wannan. Mahaifina kullum tambayarsa ke nan, yaushe za a tabbatar da ni. Me zan ce masa?"

Ba ta juya ba.

"Da kake rubutawa, ka tambayi kanka abin da ni zan ce wa kaina?"

"Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka zuba sukari a madadin gishiri. Kai zama ka yi, ka zaɓi kalma, ka goge, ka sake zaɓa, kana shan shayin da na kawo maka." Ta haɗiye kuka. "Kuma abin da ya fi ci min rai, har yanzu da kake magana, zuciyata cewa take in tashi in rarrashe ka. Ka ga irin abin da ka yi wasa da shi?"

"To ki bi zuciyar taki, Auta. Sau ɗaya kawai."

"Ita na bi shekara shida."

Ta jawo wayar teburin. Lambar tana saman takardar gayyatar ganawa, ta danna ta ɗaya bayan ɗaya. Yatsanta ya tsaya a kan ta ƙarshe.

Ta danna. Ta miƙa wa Farfesa da hannu biyu.

Ya karɓa, ya dube ta, ya dubi wanda ke bakin ƙofa. Daga can aka ɗauka, muryar dattijuwar ta fito siririya.

Farfesa ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ni ne na sa hannu a wasiƙar Dakta. Ina so ki ba ni minti biyar. Akwai abin kunyar da zan faɗa miki, nawa da na wani."

A bayanta ta ji takun ƙafa ya bar bakin ƙofa, ya bi baranda, ya fara sauka a matakala. Ta fi kowa sanin takun nan. Ko cikin mutum ɗari za ta ware shi.

Ta riƙe hannun kujera da ƙarfi, tana ƙirga matakalar a zuci har ya kai ta ƙarshe. Ba ta tashi ba.